Waƙar Nabor a Lasifikar Don Lauro

Faɗanmu da Nabor Zárate a kan faifan waƙa ne, kuma a bakin ƙofata aka yi shi, ina tsugune ina cire 'ya'yan barkono. Mun sha cizon harshe irin na maƙwabta kafin nan da bayan nan, amma wannan ne kaɗai ya isa a kira shi faɗa.

Daga motar safe ya sauka da kwali a hammata, gashi ya zubo har kafaɗa, ga wata riga mai furanni wadda ko labule ba zan yi da ita ba. Ya yi watanni a babban birni. Ko gidansa bai leƙa ba, ya zo ya tsaya a kaina, ya zaro abu ɗaya daga kwalin ya kawo mini har hanci.

"Komadre, wa kika gani a nan?"

"Na ga wani mai kama da kai ya jingina da bishiya kamar cikinsa na murɗa."

"Faifaina ne. Duk waƙoƙin ni na yi su, ni na rera. Yanzun nan zan kai wa Don Lauro mai kanti ya sa a lasifika, gari ya ji."

Na ce masa ba yau ba. Don Eustaquio mai gidan burodi yana kwance rai a hannun Allah, tun jiya 'ya'yansa suka aiko a ɗauki manyan tukwanena. Ni ce mai dafa abincin taro a Santa Rita del Vado, na biki da na makoki, kuma kowa ya san ba a aron tukwanena don mura. Na ce ya bari a binne mutum tukuna, waƙa ba ta ruɓewa.

"Ke dai komadre, tukwanenki ba su san komai ba sai gawa. Mutum ya dawo gida da abin arziki, ki tare shi da makara."

"Tukwanen nan su suka ciyar da jama'a ranar aurenka. Kai kanka ka ci har sai da ka sassauta wando."

"Baƙin ciki ne kawai."

"Da me? Da gashin?"

Ya ce wadda ba ta san baƙi da fari ba ina za ta san waƙa. Na ce ai kunne ba a makaranta ake huda shi ba. Ni na riƙe 'yarsa Briseida a gaban limamin coci ranar baftisma, shi ya sa nake komadrensa, ita kuma take ce mini madrina, kuma a garinmu ba a ɗaga wa komadre murya. Ranar ya ɗaga. Ya tafi da kwalinsa, ni kuma na koma kan barkonona, ba mu sake gaisawa ba sai da damina ta sauka.

Kada wani ya ce na hango abin da zai faru. Ni dai abin kunya nake gudar masa, shi ke nan.

Lasifikar Don Lauro tana kan dogon ƙarfe a saman kantinsa, bakinta huɗu, kowanne na kallon unguwa. Wanda ya yanka alade, wanda jakinsa ya ɓata, wadda ɗanta ya bugo waya daga arewa, can ƙasar waje, yana jira, duk daga nan muke ji. In aka yi rasuwa kuma, sai ya fara sa wani tsohon faifan 'yan busa wanda ya goge har allura na tsalle a kansa, sannan ya yi tari ya faɗi suna.

Da hantsi waƙoƙin Nabor suka fara zubowa a kan rufin gidaje. Ba zan ci amanar kunnena ba, da daɗi. Jita ce da fiyano da ɗan ganga can ƙasa-ƙasa, sai muryarsa kamar ta mai tsoron tada jariri. Ta ukun ma haka take, don Briseida ya yi ta lokacin da take ƙarama tana tsoron duhu. Yi barcinki, na bar miki fitila, duk sa'ad da kika farka ina bakin ƙofa. Na sha jinta ta bayan katanga tun ba ta da kiɗa. Ana tsakiyarta sai sautin ya yi ƙasa, Don Lauro ya yi tarinsa, ya ce Allah ya yi wa Don Eustaquio rasuwa, za a kwana da gawa a gidansa. Lauro mutum ne da in ya zauna ba ya son tashi. Maimakon ya je ya nemo faifan 'yan busa, sai ya mayar da sautin sama, waƙar ta ƙarasa.

A gidan makoki ina raba kunu na ji matar mamacin tana cewa ba a taɓa yi wa kowa sanarwa mai kyau irin ta mijinta ba. Ta faɗa a gaban mata da yawa, kuma mata ba sa barin magana a inda suka tsince ta. Da mahaucin kasuwa ya mutu bayan 'yan makonni, 'ya'yansa suka je kanti suka ce wa Lauro, me Eustaquio ya fi ubanmu da za a sa masa waƙar fitila, namu a sa masa wancan gwangwanin 'yan busa? Aka sa. Wanda ya biyo baya ba sai da aka tambaya ba. Kafin shekara ta zagayo, duk inda aka ji jitar nan ta fara, mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu, mai aski ya ɗaga reza, maza su cire hula, a jira suna.

Can birni kuwa faifan bai yi wani tasiri ba. Gidan rediyo ɗaya ya ɗan sa shi da rana, lokacin da mutane ke gyangyaɗi. Wani ɗan jarida ya rubuta 'yan layuka a kansa, Amalia matar Nabor ta karanta mini a ɓoye: wai waƙoƙi ne masu tsabta da ladabi, ba za su hana kowa barci ba. Na ce ai wannan yabo ne. Amalia ta ce a birni zagi ne. Masu kamfanin da suka ɗauki sautin suka ce ya jira su kira shi, kuma yana ta jira har gashin nan ya fara komawa baya.

Sai ga wani abin mamaki. Ranar kasuwa mutanen ƙauyukan kan dutse suka fara zuwa gidansa neman faifai. Kwalayen da ke ƙarƙashin gado suka yi ta raguwa. Nabor ya dawo yana gaishe ni da fara'a.

"Komadre, kin gani? Birni bai gane ba, amma talakawa sun gane."

"Ka tambaye su sana'arsu?"

Bai tambaya ba. Daga baya ya gano da kansa, duk masu lasifika ne, kowane ƙauye da nasa Don Lauro. Wani ma ya dawo sayen na biyu, ya nuna masa na farkon: wajen waƙa ta uku ya yi fari tas don gogewa, sauran faifan kuwa na sheƙi kamar ba a taɓa ɗora masa allura ba.

Da ana kiransa bukukuwa, aka daina. Na tuna shagalin wata yarinya da ta cika sha biyar, uban ya yi ƙarfin hali ya gayyace shi. Ya taɓa jita kawai yana gyara murya, wata waƙa dabam ma zai yi, sai kakar yarinyar ta ajiye cokali ta yi alamar gicciye ta ce, "Wa kuma?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga tasa ta yaƙe ce. Yara suka sa masa Ungulu. Ya karɓi wata tsohuwar tasi yana jigila tsakanin nan da mararraba, kuma in ya manta ya fara ɗan rera wani abu a hanci, fasinja sai ya ce, "Don Nabor, don Allah, hanyar nan da kwana."

Sau ɗaya ya je kanti ya ce a ba shi faifansa. Lauro ya miƙa masa ba musu, washegari ya aika ƙauyen gaba aka sayo wani. Ya ce masa, "Kada ka ji haushi, Nabor. Wanda ya ƙera ƙararrawar coci ma ba shi ke cewa yaushe za a kaɗa ta ba."

Bai zama mashayi ba, bai zama mugu ba. Da ya zama ɗaya daga ciki da labarin ya fi daɗin bayarwa. Ya dai zama mutum mai wanke mota da safe, mai kai 'yarsa makaranta, mai gyara mini famfo ba tare da na roƙa ba. Ya ci gaba da yin waƙoƙi a bayan gida, ina jin su ta katanga, wasu ma sun fi na faifan. Ba wanda ya taɓa tambayarsa su.

Briseida na ƙarshen firamare ciwo ya kama Amalia. Aka kai ta asibitin birni, Nabor na wajenta, yarinyar na hannuna. Ranar da ta cika, ya bugo waya kanti, don nan ce kaɗai waya a garin. Ya ce wa Lauro abu biyu: a fara aikawa a gaya mini, ni in gaya wa yarinyar a hankali, sannan kada a sa waƙar, ko me za a sa a sa, ban da ita. To, yayyen Amalia biyu suna cikin kantin a lokacin. Suka ce ƙanwarsu ba karya ba ce da za a sanar da ita ba fitila, kowane matsiyaci an sa masa sai matar mai waƙar? Lauro ya ga mata biyu na kuka a kansa, mai waya kuma yana nesa.

Muna tsakar gida ni da Briseida muna ɓare masara. Jitar ta fara. Ta tsaya da masara a hannu kamar kowa, har ta ce mini, "Madrina, ina jin tsohon nan mai zuma ne." Sai Lauro ya yi tari.

Da Nabor ya dawo da gawa ya ji an sa waƙar, bai je kanti ba. Amma ya ɗauka an riga an zo an gaya mini, na zaunar da yarinyar na rungume ta kafin lasifika ta buɗe baki. Ba wanda ya ga amfanin gyara masa wannan zato. Yarinyar ma ba ta taɓa faɗa ba.

Shekaru suka tafi yadda suke tafiya, gwiwoyina suka tafi tare da su. Briseida ta zama malamar asibiti, ta samu miji, Ulises ɗan Doña Petrona mai sayar da yadi. Tun da aka sa rana Nabor ya canza. Ya sayo wa jita sababbin tsirkiyoyi, kullum da la'asar yana bayan gida yana bitar waƙa ɗaya, ta fitilar nan, a hankali don kada maƙwabta su cire hula. Ya gaya mini nufinsa ta kan katanga. Lokacin sa albarka, sa'ad da ango da amarya za su durƙusa a kan tabarma iyaye su ɗora musu hannu, shi zai ɗauki jita ya rera mata.

"Don ita na yi ta, komadre. Ba don Eustaquio ba, ba don mahauci ba. Sau ɗaya dai a duniya ina so a ji ta a inda aka yi ta dominsa. Ranar za su gane."

Na ce masa mutanen garin nan ko ruwan sama ba sa ganewa sai ya jiƙa su. Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Ana saura 'yan kwanaki Briseida ta zo ta same ni ina soya riɗi. Ta zauna a kan turmi.

"Madrina, ki hana shi."

"Ke ba ki da baki?"

"In na faɗa masa da bakina zan kashe shi. Ki ce Doña Petrona ce ba ta so. Ai da ma ba za ta so ba."

"Ke fa?"

"Ni in na ji jitar nan, masara nake gani a hannuna. Ba zan iya durƙusa da farar riga ina jiran a faɗi suna ba."

Na je na faɗa masa yadda ta ce. Na ɗauka zai yi irin shirun da ya saba. Ashe mutumin da ya haɗiye abu shekara da shekaru, wuri ɗaya ya tara shi. Jajibirin biki, ina bayan gidansa da mata muna kan tukwanen miyar mole, hayaƙi ya cika ido, sai ga shi ya fito da hula da takalmin zuwa coci.

"Ina zuwa, kompadre?"

"Gidan Petrona. Zan tambaye ta ko ita ta haifa mini 'yar. In waƙata ba ta shiga bikin nan ba, ɗanta ma ba zai shiga gidana ba."

"Zauna ka ɗanɗana mini gishiri."

"Ba na zama. Na bar wa Lauro, na bar wa ƙauyuka, na bar wa yara suna ce mini Ungulu. Wannan ɗayar ba zan bar wa mai sayar da yadi ba."

Na san Petrona. Da ya taka ƙofarta da wannan magana, za ta ce ita ba ta taɓa faɗa ba, ya ce ta yi ƙarya, kafin azahar an fasa aure, talo-talo kuwa an riga an yanka. Na miƙa wa wata muciya, na ja shi bayan rumbun masara inda mata ba za su ji ba, ko da yake za su ji.

"Petrona ba ta san zancen nan ba. Briseida ce ta aiko ni."

Ya kalle ni kamar na yi wani yare.

Na gaya masa ranar masara. Na gaya masa ba wanda ya zo wajena, na gaya masa abin da ta ce game da tsoho mai zuma, da tarin Lauro. Ban sa masa zuma a ciki ba, ban iya ba, kuma ba lokaci. Ya cire hular ya riƙe ta a ƙirji.

"Duk shekarun nan," ya ce, "in ina bita tana cikin ɗaki tana ji."

"Tana fita ta ƙofar baya ta zo wajena."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko gishirin ne nake so ya ɗanɗana. Ya ɗanɗana, ya ce ya yi, alhali bai yi ba.

Washegari aka yi biki. Da suka durƙusa a kan tabarma ya ɗora mata hannu a ka, ya yi mata alamar gicciye, ya faɗi abin da kowane uba ke faɗa, ya koma kujerarsa. Can bayan an ci an sha, wani kawun ango da giyar meskal ta hau masa kai ya ce ai surukinmu mawaƙi ne, a ba shi jita. Na ga Petrona ta kama sarƙar wuyanta. Nabor ya karɓa ya yi wata daga bayan faifan, wadda ke zancen motar haya da bakin teku. Da suka tabbatar ba waccan ba ce, sai kowa ya koma kan farantinsa, ana hira, yara na guje-guje, wani na kiran a ƙaro wainar tortiya. Ya kai ta har ƙarshe. Briseida ta taso ta sumbace shi a goshi, 'yan busa suka karɓe fili.

Bayan damina ya sayar da tasi. Ya ce zai koma wajen ƙanensa a Veracruz, akwai wani gidan abinci a bakin ruwa da ke neman mai jita, kuma can ba wanda ya san shi. Ya faɗi haka kamar mai ba da albishir. Bai sake zuwa ba. Briseida ce ke kai masa jikoki, ita ce kuma ta je ta rufe masa ido bara.

Ranar tafiyarsa Veracruz na raka shi bakin hanya, don gwiwoyina sun yarda ranar. Jaka ɗaya ce da jita. Muna tsaye a inuwar kantin, ɗan Lauro ne ke riƙe da shi yanzu, uban ma an sa masa fitilarsa tuni. Nabor ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon dogon ƙarfen.

"Komadre, in labarina ya zo, ki ce kada su sa."

"Kai ma ka san za su sa."

"Ke suna jin tsoronki."

Motar ta tsaya, yaron mota na ta buga ƙofa. Na ce masa, "Tsorona bai kai nan ba. Abin da zan iya shi ne in sa a fara zuwa a gaya mini, in je in sami Briseida da ƙafata kafin su kunna. Wannan na ɗauka. Sauran kuwa bar musu, kompadre, ka gaji, ni ma na gaji. Hau mota, na bar wake a kan wuta."